Sabar bakof tana kwana da furosesa a 100 cikin 100: in kashe kulle bayanai ko in sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfani. Muna da saba guda mai Windows Server da muka ɗora wa Veeam Backup & Replication, manhajar bakof, wato ajiye kwafin bayanai don ranar da suka ɓace, kuma ita ce komai da komai: ita ke tsara ayyuka, ita ke ɗebo bayanai daga VMware, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa da ake kira VM, ita ke ajiye su a fayafayanta. Furosesarta mai cibiya (core) 16 ce, RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 64, tana kwashe VM kusan 60 kowane dare. Akwai saba ta biyu mai Linux da ake tura wa kwafi na biyu. Wata biyu ke nan, da ƙarfe goma na dare ta buga sai furosesar ta farkon ta haye 100 cikin 100, ta kafe a nan har hantsi, ita kuma ta Linux ma'aunin lodinta yakan kai 40. Da can kafin asuba an gama, yanzu sai ma'aikata su shigo su tarar ana kan aiki, komai ya yi nauyi. Oga ya ce in zaɓa: ko in kashe kulle bayanai (encryption, wato mayar da su yadda ba mai karanta su sai da makulli) da binciken lafiyar fayiloli, ko in rubuta takardar sayen sabuwar saba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada ka ɗauki ko ɗaya a wannan makon. Ka roƙi oga ya ba ka dare uku ko huɗu ka yi awo tukuna. A duk abin da ka rubuto, ba 100 ɗin nan ce ta fi tsaya mini a rai ba, maganarka ce ta cewa da can kafin asuba an gama. Na'urar ba ta sauya ba, aikin ma kusan shi ne, amma lokacin ya ninka. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya canza wata biyu da suka wuce, kuma in ka sayo sabuwar saba ba ka gano shi ba, za ka kwashe shi ka kai mata tare da sauran saituna, ka ga tsugune ba ta ƙare ba.

Abu na farko da nake so ka cire a ranka shi ne wai ganin furosesa a cike cuta ne. A sabar fayiloli ko ta rumbun bayanai, ƙwarai, abin tayar da hankali ne. Amma sabar bakof aikinta ke nan. Duk gutsuren bayanin da ta ɗebo sai ta fitar masa da tambari na lissafi don ta gane ko ta taɓa ganin irinsa, sannan ta matse shi, ta kulle shi, ta rubuta. Duk wannan lissafi ne zalla, kuma don shi aka sayi cibiyoyin nan 16. Sabar da ke cika maƙil daga goma na dare zuwa uku, ta gama ta huta, lafiyarta ƙalau. Ma'auni biyu kawai nake kallo: an gama kafin mutane su fara aiki? In an nemi maido da abu, yana dawowa? Taka ta faɗi a na farko, don haka matsalar gaskiya ce, sai dai ba lallai a furosesa tushenta yake ba.

Batun kashe kulle bayanai kuwa, ina roƙonka ka tsaya tsayin daka a kai, cikin ladabi. Tun 2010, lokacin da Intel ta fitar da furosesoshin Westmere, ake gina umarnin AES-NI, mai hanzarta kulle bayanai, a jikin furosesa, AMD ma ta bi sahu, ta yadda kullewa da AES-256 ya zama aiki mai sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da matsewa. In ka kashe shi, da ƙyar ka ga allurar ta motsa. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: a Veeam, da zarar ka kunna ko ka kashe kullewa a wani aiki, zagaye na gaba cikakken bakof zai ɗauka daga farko, ba ƙarin abin da ya sauya kaɗai ba. Ka kashe wa VM 60 a dare ɗaya, ka jawo wa kanka dare mafi nauyi da sabar ta taɓa gani. Uwa uba, fayil ɗin bakof shi ne kamfanin gaba ɗaya a dunƙule: albashi, bayanan abokan ciniki, kalmomin sirri, wasiƙun shugabanni. Wanda ya ɗauke shi a buɗe ya ɗauke komai. In a Najeriya kake, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare irin waɗannan bayanai, wannan ma hujja ce da za ka kai gaban oga. Abin da kawai za ka tabbatar shi ne AES-NI ɗin a kunne yake, domin wasu sabobi na da makunninsa a BIOS, wato saitunan farko na na'urar. Coreinfo na Sysinternals zai nuna maka a Windows, a Linux kuma ka nemi kalmar aes a cikin /proc/cpuinfo. Shi ma binciken lafiyar fayiloli ba a kashe shi, lokaci ake sauya masa, zan zo kan wannan.

To daga ina za ka fara? Daga rahoton Veeam ɗin kansa. Buɗe tarihin kowane aiki, za ka ga lambobi huɗu a jere: Source, Proxy, Network, Target. Na farko yana nufin ma'ajiyar da VM ɗin suke zaune, na biyu shi ne mai ɗebowa da matsewa, wato furosesarka, na uku hanyar sadarwa, na huɗu fayafayan da ake rubutawa. Wanda ya fi kusa da 99 shi ne ke riƙe ayarin. In ka ga Proxy a 99 sauran na ƙasa, to lallai lissafi ne ya yi wa sabar yawa. In kuwa Target ne a sama, fayafayai ne suka gaji, ko ka ninka cibiyoyi sau biyu babu abin da zai sauya.

Kusa da su akwai wasu lambobi uku da na fi ƙauna, domin su ne ke tona asirin abin da ya canza: Processed, Read da Transferred. Na farko girman VM ɗin ne gaba ɗaya, na biyu abin da aka karanto a daren, na uku abin da ya rage bayan matsewa aka tura ajiya. Ɗauko rahoton daren jiya, ka ɗauko na wata uku baya, ka jera su VM bayan VM. A daren da ake ɗaukar ƙari kawai, abin da aka karanto ya kamata ya zama ɗan ƙaramin kaso na girman VM, saboda VMware na da tsarin CBT, tun vSphere 4 na 2009, wanda ke riƙe lissafin gurabun da suka sauya a faifai don kada a sake karanta komai. In ka tarar da VM mai terabait biyu ana karanta terabait biyun cur kowane dare, CBT ɗinsa ya lalace ko an kashe shi, kuma sabarka tana tsefe faifan gaba ɗaya tana fitar wa kowane gutsure tambari don kawai ta gano ɗan abin da ya sauya. VM biyu ko uku manya a wannan hali sun isa su cinye dare. Galibi akwai gargaɗi mai launin rawaya a rahoton, amma tunda aikin bai faɗi ba, ba wanda ke karantawa.

In CBT lafiya lau amma abin da ake karantawa da turawa ya kumbura, to cikin VM ɗin za ka leƙa. Abin da na fi cin karo da shi shi ne mai kula da rumbun bayanai ya fara zubar da nasa bakof ɗin na SQL, a matse, a kan faifan VM ɗin da kai ma kake kwashewa. Kowane dare sabon ƙaton fayil, wanda ba ya ƙara matsuwa, ba ya kama da na jiya, amma furosesarka sai ta gwada matse shi. Haka sake gina fihirisar rumbun bayanai kowane dare, ko jera faifai (defrag) da aka bari a jadawali, ko sabar da aka fara tara mata bidiyon kyamarorin tsaro. Je ka zauna da mutumin, ka tambaye shi me ya fara yi wata biyu baya. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa. Kuma ka riƙe wannan da kyau: in bayanan da a da suke matsuwa zuwa rabi suka daina matsuwa kwatsam, ba tare da wani ya san dalili ba, ka bar batun furosesa ka sanar da masu tsaro nan take, domin haka fayilolin da masu garkuwa da bayanai suka kulle suke bayyana a idon sabar bakof.

Daga nan sai ka hana idonka barci dare ɗaya. Ƙarfe sha ɗaya, buɗe Task Manager, shafin Details, ka jera bisa cin furosesa, ka ga sunan wanda ke sama. In VeeamAgent.exe ne da yawa, aikin bakof ne na gaskiya. In MsMpEng.exe ne, Defender ne, manhajar riga-kafin Windows. In sqlservr.exe ne ko postgres.exe, rumbun bayanan Veeam ne. Kowanne da maganinsa. Ka kuma kafa Performance Monitor ya riƙa ɗaukar lissafi duk sakan talatin har safe: cin furosesa, tsawon layin masu jiranta, RAM da ya rage, da daɗewar karatu da rubutu a faifai. Kallon minti biyar yana ruɗi, zanen dare guda ba ya ƙarya.

Mu ɗauka VeeamAgent ne. Tambayata ta farko: ayyuka nawa ka yarje wa sabar ta yi a lokaci guda? A Veeam kowane faifan VM aiki ɗaya ne, kuma akwai iyaka a wuri biyu, Max concurrent tasks a saitin mai ɗebowa, da wata makamanciyarta a saitin ma'ajiya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce cibiya ɗaya ga aiki ɗaya, sababbin sigogi sun sassauta zuwa biyu. Amma ka lura da abu biyu. Windows zai nuna maka 32 saboda kowace cibiya tana fitowa a matsayin biyu, alhali 16 ne na haƙiƙa. Sannan tunda sabarka ita ce mai ɗebowa kuma ita ce ma'ajiya, kowane aiki ma'aikata biyu yake tayarwa a kanta, mai aikawa da mai karɓa, ga rumbun bayanai, ga Windows kansa, duk a kan cibiyoyin nan da RAM ɗin nan. Abin da kan faru shi ne, ranar da bakof ya fara makara sai wani ya ce bari in ƙara yawan ayyuka don a yi sauri, ya mayar da 12 ta zama 40. Daga nan furosesa ta koma tsalle daga wannan zuwa wancan, RAM ya cika Windows ya fara zuba shi a faifai, fayafayan ajiya da suke rubutu a jere cikin natsuwa suka koma rubutu arba'in a warwatse. Kowa na motsi, ba mai isa. Na taɓa karɓar saba mai kama da taka na tarar an kai iyakar 48, na sauko da ita 14, ban taɓa komai ba bayan wannan, aikin da ke kaiwa hantsi ya koma ƙarewa kafin kiran assalatu. Kada ka ji tsoron ganin VM suna jiran layi, jiran shi ne tsari. Kuma ba sai ka ɗaure ayyukan wannan bayan wancan ba, domin in na gaba ya maƙale duk na baya sun kwana. Ka bar su su fara kusa da juna, iyakar ta riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan. A naka, zan fara da 12, in duba sakamako, in ƙara biyu-biyu.

Na biyu, matakin matsewa. Veeam na da biyar: None, Dedupe-friendly, Optimal, High da Extreme. Optimal shi ne na asali, yana amfani da LZ4, dabarar da Yann Collet ya fitar a 2011, wadda aka gina don gudu. High da Extreme sun fi matsewa amma sun fi cin furosesa nesa ba kusa ba, ko da yake tun siga ta 12 sun koma kan Zstandard, wanda shi ma Collet ɗin ne ya rubuta, sun ɗan yi sauƙi. Ka tuna ko wata biyu baya wurin ajiya ya kusa cika. In haka ne, akwai yiwuwar wani ya ɗaga matakin don ya sami sarari. Niyya mai kyau ce, amma cinikin bai yi riba ba: an sayar da sa'o'in dare an sayi ɗan gurbi a faifai, kuma ranar maidowa ma sai an biya, domin warware matsi mai tsanani ya fi ɗaukar lokaci. Mayar da shi Optimal. Wannan sauyin ba ya buƙatar cikakken bakof, sababbin fayiloli kawai zai shafa. A shafin nan dai akwai girman gutsure, wanda asalinsa megabait 1 ne. In an rage shi zuwa kilobait 512 ko 256, yawan tamburan da za a lissafa ya ninka biyu ko huɗu. Shi kam sai an ɗauki sabon cikakken bakof yake fara aiki, don haka ka bar gyaransa zuwa ƙarshen mako.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ka duba in kun sabunta manhajar kwanan nan. Siga ta 12.1, wadda ta fito a Disamba 2023, ta zo da binciken alamun garkuwa da bayanai a daidai lokacin da ake ɗebo su. Abu ne mai amfani, ni ina son sa, amma a kan furosesar mai ɗebowa yake gudana. In an kunna shi, sai a rage yawan ayyuka daidai da nauyin da ya ƙaru.

In Defender ne ko wata manhajar riga-kafi ke sama, gyaran minti goma ne. Tana bin kowane fayil na .vbk da .vib tana shinshinawa yayin da ake rubuta shi, fayilolin da kan kai ɗaruruwan gigabait. Veeam na da jerin manyan fayiloli da ayyukan da ya ce a keɓe. Ka bi jerin daidai, kada ka kashe riga-kafin gaba ɗaya. Ka bincika ko an sauya manhajar tsaro ko an turo sabuwar doka daga sama wadda ta share keɓewar da ke nan a da, wannan yana yawan faruwa ba wanda ya sanar da mai bakof.

In rumbun bayanai ne, duba ko har yanzu kuna kan SQL Server Express da aka gada daga tsohuwar siga. Wannan tsohon Express ba ya wuce cibiya huɗu, ba ya amfani da RAM fiye da kimanin gigabait ɗaya da rabi don riƙe bayanai, kuma rumbu ɗaya ba ya wuce gigabait 10. Yana kusantar iyakar nan sai komai ya fara jan ƙafa. Tun siga ta 12, a Fabrairu 2023, Veeam ya koma PostgreSQL, wanda ba shi da waɗannan iyakoki, kuma akwai hanyar ƙaura. Kafin nan rage tsawon tarihin ayyuka da ake ajiyewa yana ba da sauƙi.

Yanzu ɗauki takarda ka zana mako guda, ka sa duk abin da ke gudana a sabar da lokacinsa, ba bakof na dare kaɗai ba: haɗa cikakken bakof daga gutsattsarin da ke ajiye, binciken lafiyar fayiloli, tura kwafi na biyu, goge tsofaffi, sabunta Windows, binciken da katin RAID, mai haɗa fayafayai su yi aiki tamkar ɗaya, ke yi musu. Kusan kullum za ka tarar uku ko huɗu sun haɗu a dare ɗaya. Binciken lafiya, wanda oga ke son a kashe, yana karanta fayilolin ne yana sake lissafin tamburansu don ya tabbatar ba abin da ya ruɓe. Kai shi ranar Asabar ko Lahadi da rana, lokacin da sabar ke zaune ba aiki. Haɗa cikakken bakof kuwa, ka duba irin tsarin faifan ajiyarka. A kan NTFS sai an karanta komai an sake rubuta komai. A kan ReFS, ko XFS a Linux, Veeam na nuna gurabun da ke nan ne kawai ba tare da kwafe su ba, aikin sa'o'i ya koma mintoci, kuma za ka ga kalmomin fast clone a rahoton. In babu su, ka san inda wani babban kaso na darenka yake tafiya.

Bari in ba ka labarin abin da ba ya cikin kowane saiti. Wata shekara, cikin watan Afrilu, aka kira ni wani kamfani a kan irin wannan ƙorafi. Kwana biyu ina bin rahotanni ban ga aibu ba. Dare na uku na ce zan kwana a wurin. Wajen sha biyu wutar gari ta ɗauke, aka tayar da ƙaramin janareta, wanda ashe an haɗa shi da sabobi amma ban da na'urar sanyaya ɗaki. Kafin ƙarfe ɗaya ɗakin ya zama tanda. Fankokin sabar suna kuka kamar jirgi zai tashi, na sa hannu a bayanta na janye da sauri. Na duba Task Manager, cin furosesa 100, amma gudunta da ya kamata ya wuce gigahaz 2 ya sauko kusan rabi. Furosesa in ta ji zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga ta cika alhali rabin ƙarfinta take bayarwa. Da safe muka zare murfin gaba, ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe ramukan iska ta yi kauri kamar bargo. Da rana duk wanda ya shigo ɗakin sanyi yake ji, shi ya sa ba wanda ya zargi zafi. Don haka ka shiga shafin kula da jikin sabar, iDRAC in Dell ce, ko iLO in HPE ce, ka duba tarihin zafin iskar da ke shiga. Abin da ƙungiyar injiniyoyin sanyaya wuri ta ASHRAE ta ba da shawara shi ne digiri 18 zuwa 27, yawancin sabobi kuma 35 ce iyakarsu. Kana nan kuma ka duba tsarin wuta a BIOS da na Windows, wanda ke zuwa a Balanced, ka mayar da shi High performance.

Sai 40 ɗin sabar Linux, wadda nake kyautata zaton wata cuta ce daban. Ma'aunin lodi a Linux ba cin furosesa yake aunawa ba. Ka ɗauke shi kamar ƙidayar mutane a wurin injin niƙa: ana ƙirga wanda ake niƙa wa, da masu jiran layi, har da waɗanda aka gama wa amma suna tsaye suna jiran a kawo buhun da za a zuba garin. Mai injin na iya zama hannu rabbana, wurin kuma a cike. Tun 1993 aka shigar da ayyukan da ke jiran faifai cikin wannan lissafi, don haka 40 na iya nufin ayyuka arba'in ne ke jiran fayafayai alhali furosesa na hutawa. Buga vmstat 1 ka kalli r da b: r masu neman furosesa ne, b masu jiran faifai. A top ka duba us, sy da wa, wato lokacin manhajoji, na tsarin kansa, da na jiran faifai. In wa ce babba, us ƙarama, ka koma iostat -x 5 ka ga daɗewar kowane rubutu. Daga ƙwayar Linux (kernel) ta 4.20 zuwa sama akwai /proc/pressure, mai fayilolin cpu da io da memory, wanda zai gaya maka kai tsaye wanne ake jira. Ka kunna sysstat don sar ya riƙe maka tarihin dare. In fayafayai ne, abu na farko da zan duba shi ne batirin katin RAID. In ya mutu, kuma zafi na saurin kashe shi, katin yakan daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa ya koma jiran faifai a kowane rubutu, a RAID 6 kuwa ƙaramin rubutu ɗaya motsi shida yake ci. Sai faifai guda mai shirin mutuwa da ke jan sauran, sai kuma yawan ayyukan da aka yarje wa ma'ajiyar, wanda a nan ma ragewa ke kawo sauri.

Wani abu guda da ba na so ka tsallake: ka duba sabar da rana tsaka ma. In ba aikin da ke gudana amma furosesa na sama, kuma sunan mai cin ta baƙo ne a wurinka, ka ɗauke shi da muhimmanci. Sabar bakof ita ce farkon abin da masu kutse ke nema, kuma an toshe manyan ramuka a Veeam a Maris 2023 da Satumba 2024 waɗanda masu garkuwa da bayanai suka yi amfani da su a kan waɗanda ba su sabunta ba. Ka tabbatar sigarka ta wuce nan.

In ka bi duk wannan, matsewa na Optimal, CBT na aiki, iyakar ayyuka daidai da cibiyoyi, ɗaki da sanyi, jadawali a warware, amma har yanzu Proxy na 99 kuma gari na wayewa ba a gama ba, to bayananku sun girmi sabar da gaske. Ko a nan ba sabuwar saba ce matakin farko ba. Veeam ba ya karɓar kuɗin lasisi a kan yawan masu ɗebowa. Ka ƙirƙiri VM biyu masu cibiya huɗu zuwa takwas a cikin VMware ɗinku, ko da na Linux ne, ka naɗa su masu ɗebowa, su ɗauki matsewa da kullewa a daren da sabobin da ke ɗauke da su ba su da aiki sosai, tsohuwar sabar ta koma tsarawa da ajiya kawai. Ga yadda kayan nan suke bin farashin dala, oga zai ji daɗin wannan lissafin, kuma in daga baya sayen ya zama dole, za ka je masa da zane da lambobi a hannu.

Sauyi ɗaya za ka riƙa yi a dare ɗaya, ka rubuta abin da ka taɓa da lokacin da aka gama, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ni zan fara da kwatanta rahoton jiya da na wata uku baya, tun yau da rana, sai iyakar ayyuka da daddare, gobe matakin matsewa. Bayan kowane babban sauyi ka maido da VM ɗaya a keɓaɓɓen wuri, ka kunna shi ka ga ya tashi. In ka samu dama, turo mini lambobin nan huɗu na manyan ayyukanka uku, da Read da Transferred na VM biyar mafi girma, da abin da vmstat ya nuna a sabar Linux wajen ƙarfe ɗaya na dare, sai mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.